Direban Waifai

Duk wanda ya zauna a layinmu na Tudun Wada ya san Muntaka, in bai san shi da suna ba to ya san shi da jaka. Wata baƙar jaka ce ta ratayawa, cike da sukundireba da filaya da testa, da wasu guntayen wayoyi da shi kansa ya manta daga jikin me ya ciro su. Sana'arsa ta gaskiya wankin hula ce, kuma ya iya ta, da ita yake ciyar da iyalinsa. Sai dai ya taɓa shiga wata makarantar koyon kwamfuta a Kongo, nan cikin Zariya, aka koya musu kunnawa da kashewa, shi kuma ya ga malamin ba shi da sauran abin da zai ƙara masa, ya daina zuwa. Tun daga ranar ya zama Injiniya. In ka kira shi Muntaka kawai, sai ya yi kamar da wani kake.

Kawunsa Alhaji Mamman, tsohon ma'aikacin reluwe, yana da wata laftof da autansa Khubaib ya aiko masa daga Maleshiya, inda yake karatu tare da matarsa Fareeda. Da ita suke gaisawa suna ganin juna, don idon Alhaji ya daina jituwa da ƙaramar fuskar waya. To sai Allah ya sauki Fareeda lafiya, ta sami ɗa namiji, na fari a wurin Auta. Alhaji ya ce tunda ba zai iya zuwa can ba, sunan ne zai zo nan. Za a kafa rumfa a ƙofar gida, a ɗora kwamfuta a kan tebur, jama'a su ga jariri da idonsu, Liman ya yi addu'a su ji daga can. Ya bi gida-gida ya gayyaci mutane da kansa.

Ana gobe suna, Muntaka ya kawo wa kawunsa hulunan da ya wanke, ya tarar da shi a zaure ya zuba wa kwamfutar ido.

"Kawu, me kake jira?"

"Jira nake ta farka. Haka take, sai ta gama miƙa tukuna."

Muntaka ya ajiye huluna, ya tsuguna, ya kara kunnensa a jikinta kamar mai duba mara lafiya. Ya girgiza kai.

"Subhanallahi. Kawu, wannan ai ciwo ne. Ƙwayoyin cuta sun cinye mata ciki. Gobe a gaban Liman da Mai Unguwa za ta tsaya maka cak. Amma Allah ya rufa asiri da na zo. Sabuwar windo zan sa mata, in wanke ta fes, ta dawo kamar yau aka ciro ta daga kwali."

Muryar Hajiya Ishatu, matar Alhaji, ta fito daga bayan labule. "Alhaji, abin da yake tafiya a bar shi ya tafi. Ka tuna da fankar ɗakina."

"Me fankar ta yi, Inna?"

"Tun da ka taɓa ta sama take kai iska. Silin ne ke shan sanyi, ni ina gumi."

"Ai haka ake yayi yanzu a ƙasashen waje, Inna. Iskar sai ta huce a sama sannan ta sauko."

Tsoron kunya a gaban jama'a ya rinjayi Alhaji, ya ce a yi. Muntaka ya garzaya Kongo, ya aro filashi mai ɗauke da windo, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a shagon wani abokinsa Ashraf mai gyaran kwamfuta, ya dawo ya soka mata. Duk tambayar da ta yi masa da Turanci, sai ya danna inda ya fi haske. Abin mamaki, aiki ya yi. Kwamfuta ta tashi garau, kafin ka ce bisimilla ta buɗe. Alhaji ya tambayi ina hoton Auta da ke fuskarta ya tafi, Muntaka ya ce a jikinsa ƙwayoyin cutar suka fi taruwa. Ya rufe ta, ya rataya jaka, ya bi layi yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa gobe za a ga aiki.

Da safe ƙofar gida ta cika. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, ga daron koko, ga ƙosai, ga waina da miyar taushe, ga goro da dabino a faranti. Liman da Mai Unguwa suna gaba, tsofaffin abokan Alhaji na reluwe suna gefe suna gardamar wane jirgi ne ya fi gudu a zamaninsu. Kusa da tebur kuma Malam Kailani ne, tsohon hedimasta, aminin Alhaji, wanda tun Muntaka yana ɗalibinsa ba ya barin maganarsa ta wuce bai yi mata gyara ba.

Muntaka ya iso cikin babbar riga ta sha sitaci, da testa a aljihun gaba. Ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a yi shiru. Yanzu da yardar Allah zan haɗa Zariya da Maleshiya."

Ya buɗe kwamfuta, ta tashi nan take, aka yi kabbara. Ya kai hannu kusurwar ƙasa inda 'yar alamar waifai take zama, wadda ta yi kama da mafici. Babu ita. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga kwamfutar ya leƙa ƙarƙashinta.

"Faɗuwa ta yi?" in ji Malam Kailani.

"Ba abin da ya faɗi, Malam. Sabis ne babu. Wannan 'yar akwatin intanet ɗin ta Kawu ce ta mutu."

Malam Kailani ya zaro wayarsa ya ɗaga. "To ni da me nake jin labarai tun ɗazu? Ga shi nan, akwatin Alhaji ce."

Wasu ma suka ɗaga nasu. Ashe rabin layin sun san lambar sirrin akwatin, abin da Alhaji bai sani ba sai ranar.

"Waya daban, kwamfuta daban," in ji Muntaka. "Waya sabis ɗin ƙasa take sha. Ita kwamfuta na sama take so, mai tsabta. A kawo tsani."

"Muntaka," in ji Alhaji, "ka hau kai kaɗai, ka bar min ita a ƙasa."

"Kawu, ni ne zan kama sabis ɗin ko ita?"

Ya naɗe ta a hannun riga ya hau rufin zaure. Kwano na ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ɗaga kwamfutar sama da hannu biyu, yana juyawa gabas da yamma a hankali. Yana cikin juyin ne ya fuskanci tsakar gidan maƙwabta, inda Saratu matar mai gidan take wanki ba mayafi.

"Innalillahi! Wane mara kunya ne a kan rufi bai yi shela ba?"

"Aikin injiniya ne, baiwar Allah, ba ke nake kallo ba!"

Silifa ya taso daga ƙasa ya same shi a kafaɗa. Na biyu ya tafi da hularsa. Da ya ga ta sunkuya tana ɗibar ruwan wanki a roba, sai ya yi wajen tsani da gudu. Ya miƙa wa Malam Kailani kwamfutar lafiya lau, amma shi ƙusa ta kama masa riga, ta tsage ta daga wuya har gindi, ƙafarsa ta kuskure matakala ta sauka tsulum a cikin daron koko.

"To," in ji wani tsohon reluwe, yana mayar da kofinsa, "ni dama na ƙoshi."

Muntaka ya zare ƙafa, ya goge a jikin tabarma, ya ce sabis ɗin yana nan da yawa a sama, abin da ya rage a tattaro shi wuri ɗaya. Ya aika aka ɗauko murfin babbar tukunyar Hajiya, ya jingina shi a bayan kwamfutar, wai shi ne dish. Aka zuba ido. Abin da ya fito bai wuce saƙon Hajiya ba, cewa ƙuda na shiga mata miya, a mayar mata da murfinta tun tana ganin mutuncin mutane.

Liman ya gyara zama ya dubi rana. Mai Unguwa ya yi tari. Alhaji kuwa fuskarsa ta canza, don ya san can ma mutane sun taru suna jira, ga shi shi ya tara dattawan unguwa suna kallon murfin tukunya.

Muntaka ya ce zai ɗan zaga. Ya sulale zuwa lungun da ake markaɗe, ya kira Ashraf yana magana ƙasa-ƙasa.

"Wani ne ya kawo min matsala, na ce bari in gwada ka. An sa wa laftof sabuwar windo, waifai ya ɓace. Me ka gani?"

"Ai direba ne babu," in ji Ashraf. "Nemo direban waifai ka sa mata, shi ke nan."

"Direba? A ina ake samun…"

Nan aka tayar da injin markaɗe. Ashraf ya yi ta bayani, Muntaka bai ji ko kalma ɗaya ba. Sake kira kuwa ai zubar da girma ne, sai a ɗauka bai sani ba. Ya tsaya ya yi tunani. Duk Zariya, in direba kake nema, ina za ka? Ya koma rumfa yana murmushi.

"Jama'a, na gano ciwon. Direba ne ba ta da shi."

"Direba?" in ji Malam Kailani. "Kaduna za ta?"

"Malam, abin da ba fanninka ba ne ka bar wa masu shi. Kawu, kada kowa ya taɓa ta. Yanzu zan dawo."

Ya tare acaɓa, riga a tsage tana tashi a bayansa, ƙafa ɗaya fara da busasshen koko, sai tashar Kwangila. Yana sauka 'yan kamasho suka yi masa ca, wannan na cewa Kano, wancan na cewa Funtuwa.

"Ba tafiya zan yi ba. Direban waifai nake nema."

"Waifai? Ga shi can yana lodin Kaduna."

Muntaka ya juya. Ga wata farar bas, an rubuta WAIFAI da jan fenti a gilashin bayanta. Mai ita wani ƙato ne, Sharfaddeen, da tawul a wuya. Fasinja ne suka laƙaba masa sunan saboda gudu, wai ba a ganin wucewarsa, sai dai a ji ya isa. Muntaka ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah da ya ba shi ilimi.

"Kai ne direban waifai?"

"Ni ne. Duk tashar nan babu na biyu."

"Aiki ne na gaggawa a Tudun Wada, gidan Alhaji Mamman. Suna ake yi, Liman da Mai Unguwa duk kai suke jira."

Sharfaddeen ya ji suna, ya ji Alhaji, ya ji manyan mutane, ya ce wannan shata ce ta kwasar 'yan biki. Dama ranar kwandastansa bai fito ba, shi kaɗai yake fama da lodi. Ya sauke fasinjan da ya tara, ya mayar da su motar da ke bayansa, ya bar layinsa. Muntaka ya hakimce a gidan gaba.

Suna na gaskiya aka sa wa mutumin. Kafin Muntaka ya gama addu'ar shiga mota sun shigo layin da oda. Layin kuwa matsattse ne, madubin motar ya kamo igiyar rumfa, rumfar ta yi ƙasa a hankali ta lulluɓe Liman da Mai Unguwa. Aka ruga aka ɗaga, aka zaro su, aka nemo rawanin Mai Unguwa a cikin farantin goro.

Muntaka ya diro yana washe baki. "Kawu, ga direba!"

Sharfaddeen ya gaida dattawa, ya ba da haƙuri kan rumfa, ya waiga. "Ina masu tafiyar? Mata ne ko maza?"

"Zo nan, zauna," in ji Muntaka. Ya ja masa kujera gaban tebur, ya juyo masa da kwamfutar. "Ga ta."

"Ga wa?"

"Ita. Bisimilla, ja ta."

Sharfaddeen ya dubi kwamfuta, ya dubi Muntaka, ya dubi Alhaji. "Malam, wannan ai ba ta da taya."

"Ba ruwanka da taya. Cewa aka yi a sa mata kai."

"A sa mata ni? Ta ina?"

Muntaka ya kamo hannunsa ya ɗora a kan madannan. Kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara, ta cika fuskarta da harafi ɗaya. Alamar mafici ba ta fito ba. Ya ce a gwada hannun hagu.

Malam Kailani ne ya fara. Ya riƙe ciki, ya sunkuya, hularsa ta faɗi, hawaye na zubo masa. Tsofaffin reluwe suka ɗauka, masu wucewa suka tsaya, har Liman ya rufe baki da gefen rawani kafaɗunsa na rawa. Sharfaddeen kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye, ya damƙi abin da ya rage na wuyan rigar Muntaka.

"Kai! Na sauke fasinja, na bar layina, na taho da mota tun daga Kwangila, don in tuƙa talabijin?"

"Ba talabijin ba ce, laftof…"

"Wallahi yau sai na sa maka taya!"

Liman ya shiga tsakani yana a yi haƙuri, ranar farin ciki ce. Ana cikin haka sai guɗa ta tashi daga cikin gida, doguwa, ta mata da yawa. Kowa ya waiwaya. Hajiya Ishatu ta leƙo ƙofar zaure, ta gyara mayafi, waya a hannunta.

"Alhaji, mu dai mun gaji da jira, mun kira Auta. Mun ga jariri. Hancinka ne sak. Ga Autan yana tambaya ko lafiya."

Alhaji ya karɓi wayar ya kawo ta dab da idonsa. "Auta, ina fa lafiya. Yayanka Muntaka ya sa wa kwamfuta sabuwar windo, waifai ya gudu. Ya ce direba take so, ya je Kwangila ya ɗauko, ga shi nan da motarsa, amma ta ƙi."

Sai aka ji Khubaib ya fashe da dariya, irin wadda har ta tayar da jaririn ya fara kuka, Fareeda na tambayarsa me ya faru. Da ƙyar ya iya magana.

"Baba, Yaya Muntaka bai yi ƙarya ba, direba ne babu. Amma ba mutum ba ne. Wata 'yar manhaja ce da ke sa kwamfuta ta gane na'urar waifai da ke cikinta. In aka sake windo takan tafi, sai an sauke ta daga intanet."

Muntaka, da har yanzu wuyan rigarsa ke hannun Sharfaddeen, ya ɗaga yatsa. "To kun ji! A sauke daga intanet, alhali intanet ɗin ne babu. Wannan ko wanda ya ƙera ta bai isa ba."

"Da sauƙi, Yaya. A samo igiyar cajin waya, a haɗa wata waya da kwamfutar, ta ara mata intanet ta igiya."

Aka shiga neman igiya. Ta Hajiya bakinta bai shiga wayar Malam Kailani ba, ta Alhaji kuwa ɓera ya ci. Sharfaddeen ya saki Muntaka, ya yi tsaki, ya buɗe motarsa ya ɗebo wani tulin igiyoyi da fasinja suka manta, ya zube a tebur. Muntaka ya miƙa hannu zai ɗauka.

"Muntaka," in ji Alhaji, "hannuwanka a aljihu. Duka biyun."

Malam Kailani ya sa tabarau ya zauna. Khubaib na faɗa daga wayar Hajiya, shi yana bi. Ya soka igiya, ya shiga saitin wayarsa ya kunna rabon intanet ta igiya. Kwamfutar ta nuna ta samu. Khubaib ya nuna masa inda zai danna ta nemo abubuwan da ta rasa da kanta, aka zauna ana kallon wani layi yana cika a hankali. Muntaka na tsaye a baya, hannu a aljihu, yana cewa, "Yauwa, nan nake shirin dannawa." Da ta gama aka kashe ta aka kunna, aka zare igiya. Can a kusurwar ƙasa sai ga 'yar alamar mafici ta dawo. Da aka zo sa lambar sirri, mutum wajen goma suka faɗe ta a tare. Alhaji ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga Khubaib a babbar fuska, da Fareeda a gefensa, da jariri a naɗe cikin farin tawul yana motsa baki. Dattawa suka matso har kawunansu na haɗuwa. Khubaib ya ce an raɗa masa Muhammadu, takwaran Baba. Alhaji ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa a Zariya, aka shafa a Maleshiya, guɗa ta sake tashi daga cikin gida.

Ba a gama rabon goro ba Muntaka ya dawo tsakiyar rumfa.

"Jama'a, a yi adalci. Na ce direba, aka yi min dariya. Auta ya ce direba ko bai ce ba? Igiyar da ta yi aikin, ta wace ce? Wa ya je ya ɗauko mai ita? Malam, kai ne hedimasta, ka ba da maki."

Malam Kailani ya shiga naɗe igiyar caji. Karon farko ke nan da muka ga ya rasa gyara.

Sharfaddeen yana gefe, ya gama da farantin waina na biyu da Alhaji ya sa aka kawo masa. Ya wanke hannu, ya goge da tawul, ya taso ya kama wuyan hannun Muntaka a hankali, irin kamun da ba a ƙwacewa.

"Injiniya, tunda bakinka na da ƙarfi haka, ga aiki. Ka fitar da ni daga layi, kuma ba ni da kwandasta. Yau kai ne. Sai motar nan ta cika ka dawo gida."

"Kawu, ka ji fa abin da yake cewa!"

Alhaji bai ko ɗago daga kallon takwaransa ba. "Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Bas ta ja da baya ta fice daga layin, Muntaka na rataye a ƙofa, tsagaggiyar riga na kaɗawa. Mun ɗauka kunya za ta rufe masa baki. Motar ba ta kai bakin titi ba muka jiyo shi yana buga jikinta da tafin hannu, murya a sama.

"Kaduna! Kaduna! Mota mai intanet! Injiniya na ciki, mai matsalar waya ya shigo a duba masa kyauta!"